Mai gyaran waya a kasuwar Gadarif da ya saita wa autanmu wayarsa

Duk wanda yake da ɗa ko ƙane mai jinkirin fahimta, kuma dangi sun warwatsu, ina ba shi shawara ya nemi irin aikin da wani ƙaramin shago a kasuwar Gadarif, a gabashin Sudan, ya yi mana. Shagon gyaran waya ne kamar sauran, gilasai da caja rataye ko'ina, amma mai shi ya iya saita waya don wanda ba ya karatu.

Autanmu yana da lalurar Down, wadda ake haihuwar mutum da ita kuma take jawo jinkirin fahimta, ya haura shekara ashirin. Yana gane magana fiye da yadda bakinsa ke iya fitar da ita, kuma fuska ba ta ɓace masa. Tun da yaƙi ya tashi a Afrilun 2023 muka baro Khartum, Inna da mu muna Gadarif, Yaya babba yana Jidda, yayarmu kuma tana Port Sudan da mijinta. Kowa ya ji rabuwar, shi kuwa har abinci ya rage ci, don bai san dalilin da ya sa mutanen da ya saba gani kullum suka daina shigowa ba.

Abin da ya fara burge ni, mai shagon ya yi magana da autan namu kai tsaye. Yawanci mutane ni suke kallo su ce "me yake so?" alhali ga shi tsaye. Wannan ya ja masa kujera, ya ce, "Ɗan'uwa, wa kake son ji da safe?" Ya jira har amsar ta fito, bai ƙarasa masa ita ba.

Daga nan ya kwashe duk tarkacen da ke fuskar wayar, ya bar hirarrakin WhatsApp na mutanen gida kaɗai, kowacce da hoton mai ita, taɓawa ɗaya ta buɗe. Ya ce mu sa 'yan'uwa su ɗora hoton fuskarsu sosai, su bar sauya shi da fure ko aya, domin da hoton ya canza, a wurin yaron mutumin ya ɓata. Wannan shawara ita kaɗai ta biya kuɗin aikin. Ya ƙara girman alamomi, ya ɗaga sauti, da yake masu wannan lalura da yawa suna da raunin ji. Saƙon murya kuma ya nuna masa yadda ake tura maɓallin sama ya kulle, saboda riƙe yatsa a wuri ɗaya ana magana yana masa wuya, saƙon kan yanke a tsakiya.

Inda aikin ya fi yi mana rana shi ne bayan Yulin 2025, da aka dakatar da kiran murya da na bidiyo na WhatsApp a Sudan. Yaron da ya saba ganin Yaya yana motsi ya koma jin murya kawai, ya dinga juya wayar yana neman fuskar. Da muka koma shagon, sai ya koya masa gajeren saƙon bidiyo ɗin nan mai zagaye, wanda ba ya wuce daƙiƙa 60. A ganina ma ya fi dacewa da shi. A kira kai tsaye ana jiransa ya amsa, ya rikice ya yi shiru. Saƙo kuwa yana maimaita shi yadda ya ga dama, ya shirya, sannan ya mayar da nasa. Yanzu da kansa yake nuna wa Yaya shayin da ya haɗa, ko akuyar maƙwabta. In intanet ta ɗauke, saƙon yana nan yana jira, ba a rasa komai ba.

Akwai inda mai shagon ya gaza. Bai rufe hanyar da baƙi ke jefa mutum cikin guruf ba, sai da muka tsinci yaron a wani guruf na talla kafin na shiga saitin sirri na mayar da shi sai waɗanda ke cikin lambobinsa. Ga wanda ke yarda da duk mai yi masa magana da daɗi, wannan ya kamata a fara gyarawa. Haka kuma kada ku bari a bar Bankak ko wata manhajar kuɗi a irin wannan waya. Rigar wayar da ya sayar mana ba ta da ƙwari, ku saya a wani wuri. Shagon yana cika da hantsi, hayaniya kuma tana takura irin yaranmu, don haka ku je bayan La'asar.

Ku tafi da mai wayar, kada ku kai ta ku kaɗai, kuma ku tanadi hotunan 'yan'uwa tun daga gida. Kuɗin da ya karɓa bai kai na sabuwar caja mai kyau ba, kuma da muka koma karo na biyu bai karɓi ko sisi ba.