Ajin Koyon Magana da Turanci na Ƙarshen Mako a Aboabo

A wani ɗakin karatu da ke Aboabo a Kumasi, wani malami mai ritaya yana tara ɗaliban babbar sakandare kowace Asabar da Lahadi domin ya saba musu da magana da Turanci. 'Yar ƙanwata tana zuwa, ni nake biya mata, shi ya sa na ga ya dace in sanar da iyaye abin da ake samu a wurin.

Matsalar da malamin ya sa a gaba ba baƙuwa ba ce ga duk wanda ya tashi a zango. Yaranmu suna yin Hausa a gida, su yi Twi a kasuwar Kejetia, su yi buroka da abokansu, sai Turancin ƙa'ida ya zama na takarda kawai. Tun da aka fara sakandare kyauta a 2017 ajujuwa suka cika, malami ba ya samun sukunin sauraron kowa. Jarrabawar kammala sakandare ta WASSCE kuma, ko da yake tana da takardar Turancin baka, kunne take gwadawa: a kunna murya, ɗalibi ya zaɓi amsa ba tare da ya buɗe baki ba. Saboda haka yaro zai iya cin makin C6 ko sama da haka, ya shiga jami'ar KNUST da ke Kumasi, amma harshensa ya sarƙe ranar da aka ce ya gabatar da aikinsa a gaban aji.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda Malam yake kawar da tsoro. Ba a yi wa mai kuskure dariya, shi ma ba ya katse ɗalibi yana cikin magana. Yakan rubuta kurakuran a gefe, sai a ƙarshe ya gyara su a allo ba tare da kama sunan kowa ba. Batutuwan muhawarar kuwa daga rayuwar yaran yake ɗauko su, kamar sharar da ke toshe magudanun ruwa da damina, ko wasan ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Asante Kotoko, kuma wanda ya san abin da zai faɗa bai cika jin nauyin bakinsa ba. Yana sa su naɗi muryarsu a waya su saurara a gida, dabarar da ta taimaka wa yarinyarmu ƙwarai wajen rarrabe sautin p da f.

Akwai inda gyara yake. Ɗaliban sun yi wa ɗakin yawa, samari sukan mamaye muhawara idan Malam bai tsawata ba, sannan zaman safiyar Lahadi yana cin karo da makarantar Islamiyya, wanda a ganina bai kamata a tilasta wa iyaye zaɓi tsakaninsu ba.

Kuɗin ba shi da nauyi, ana biya wata-wata ta MoMo, wato tura kuɗi ta waya. Ɗaliban shekarar farko da ta biyu ne za su fi amfana. Wanda jarrabawa ta ƙarato masa, kuma rubutun insha'i ne damuwarsa, gara ya nemi wani ajin, domin nan ba a taɓa rubutu sosai.