Kantin maganin da ba ya sayar da maganin maleriya sai an duba jini

Wata biyar ke nan da na daina zuwa kemis ɗin da ke bakin layinmu, na koma wani kantin magani da ke kan babban titi, wanda sai na hau adaidaita sahu kafin in isa gare shi. Ba zan ambaci sunan ko ɗaya daga cikinsu ba, domin abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wata ɗabi'a guda da sabon kantin ya riƙe, wadda a ranar farko ta ba ni haushi ƙwarai: a wurin ba a miƙa wa mutum maganin zazzaɓin cizon sauro sai an huda masa yatsa an duba jininsa.

Abin da ya raba ni da tsohon wurin ya faru ne a watan Agusta, lokacin da ruwa ya kwanta a kwatocin unguwa, sauro kuma ya yi yawa. 'Yata mai shekara bakwai ta kwana da zazzaɓi, da safe na kai ta wajen mai kemis, wanda duk unguwa ke kira Likita ko da yake ban taɓa ganin takardarsa a bango ba. Ya dafa goshinta da bayan hannu, ya ce maleriya ce da taifot, nan take ya yi mana haɗi: allura uku, katin maganin maleriya, katin sifro na taifot ɗin, farasitamol da kwalbar maganin ƙarin jini. Na biya naira 13,500. Bayan kwana huɗu jikin na nan kamar wuta, sai ya ce maganin farko ne bai karɓe ta ba, ya sauya mana wani mai kwali mai ƙyalli a kan naira 6,000. A rana ta shida muka tafi asibiti, inda gwaji ya nuna babu maleriya, likita ya haska bakinta da tocila ya nuna mini maƙogwaron da ya kumbura ya yi fari-fari. Na tambaye shi ko magungunan da ta sha ne suka wanke jinin, sai ya bayyana mini cewa irin wannan gwajin na gaggawa yakan ci gaba da nuna alamar cutar har makonni bayan an warke, don haka da ta yi maleriya a makon, da wuya ya fito babu komai. Maganin da ya rubuta bai kai naira 3,000 ba, kuma a kwana na biyu ta nemi tuwo da kanta.

Da na zauna na yi lissafi, kuɗin da na zuba a kemis ya haura rubu'in mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka amince da shi a 2024, ban sa kuɗin mota ba, ban sa kwana biyun da na rufe shagona na yadi a Kantin Kwari ba, ban kuma sa ɗinkin da mahaifiyar yarinyar ta kasa gamawa har mai kaya ta karɓe abinta ba. A ƙasar da fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa a kan lafiya daga aljihun mutane yake fitowa kai tsaye, kuskuren mai ba da magani ba ya sauka a kan kowa sai a kan maigida.

A sabon kantin kuwa, aikin yana da tsari tun daga bakin ƙofa. Akwai ɗan lungu a gefen kanta da aka kare da labule, inda ma'aikaciya ke sa safar hannu, ta yage ledar abin gwajin a gabanka, ta rubuta sunan majinyaci a jikinsa, ta goge yatsa da auduga, ta huda, ta ɗiga jinin a ƙaramin rami, sannan ta bi shi da ɗigon wani ruwa daga 'yar kwalba. Daga nan sai ta duba agogo ta rubuta lokaci, ba ta kuma yarda ta karanta sakamakon sai minti 15 zuwa 20 sun cika, ko da kuwa kana tsaye a kanta kana cewa ai ga shi ya fito. Zane ɗaya yana nufin gwajin ya yi aiki kuma babu cutar, zane biyu yana nufin akwai. Naira 1,000 nake biya. Tun daga Satumba zuwa yanzu mutanen gidana sun je sau bakwai da zazzaɓi, sau uku ne kawai zane biyu ya fito, wato da a tsohon wuri ne, da na sayi haɗi huɗu a banza, ciwon gaskiya kuma yana can yana cin jiki.

Ranar da na je da kaina ina jin kasala da ciwon gaɓɓai, na nemi a ba ni maganin kawai domin ina sauri in buɗe shago. Mai kantin, wata Hajiya da ta karanci harhaɗa magunguna, wadda lasisinta ke rataye inda kowa zai gani, ta dube ni ta ce, "Alhaji, in ka sha shi alhali babu maleriya a jikinka, kuɗinka kawai ka haɗiye. Ka ba mu minti ashirin." Na zauna ina ƙunƙuni. Zane ɗaya ya fito, ta ba ni farasitamol, ta ce in sha ruwa sosai, in kuma zazzaɓin ya wuce kwana biyu in tafi asibiti. Mura ce, ta kuma tafi da kanta.

Wannan tsari ba ƙirƙirar Hajiya ba ne. Tun 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a tabbatar da cutar ta hanyar gwaji kafin a ba da magani, kuma akwai dalilin da ya wuce aljihun mutum ɗaya. Waɗanda suka girma kafin shekarar 2000 za su tuna kulorokwin, mai ɗaci da sa ƙaiƙayi, wanda ake saye da 'yan canji, har ƙwayar cutar ta daina jin sa, Najeriya ta sauya manufa a 2005 ta koma magungunan haɗin atimisinin da ake kira ACT, waɗanda sun fi shi tsada nesa ba kusa ba. Yanzu kuma an tabbatar da cewa ƙwayar ta fara bijire wa atimisinin a Ruwanda da Yuganda da Eritiriya. Najeriya ita kaɗai tana ɗauke da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da maleriya a duniya, saboda haka idan wannan maganin ya bi sahun kulorokwin, mu ne za mu fi kowa jin tsadar wanda zai maye gurbinsa. Duk rabin kati da aka sayar wa wanda kuɗinsa bai kai ba, da duk maganin da aka ajiye bayan kwana ɗaya saboda jiki ya yi sauƙi, yana matso da wannan ranar.

A nan ne kantin ya fi burge ni. Ba sa ɓalle kati su sayar da rabi. Yaro kuwa sai ya hau sikeli, domin da nauyi ake auna maganin atimita da lumefantirin, ɗaya daga cikin magungunan ACT ɗin, ba da shekaru ko tsayi ba: ƙwaya ɗaya a kowane sha ga mai nauyin kilo 5 zuwa ƙasa da 15, biyu zuwa ƙasa da 25, uku zuwa ƙasa da 35, huɗu ga wanda ya kai kilo 35 ko fiye, sau shida cikin kwana uku. Hajiya kan rubuta lokutan shan da biro a bayan kwali, ta ja layi a ƙarƙashin sha na biyu, wanda ke zuwa awa takwas bayan na farko, ta kuma nanata cewa a sha bayan an ci abinci mai ɗan maiƙo ko an sha madara, domin ta haka jiki ke ɗaukar maganin yadda ya kamata. Shekara nawa ina sayen wannan magani, babu wanda ya taɓa gaya mini haka. Allura kuma ba ta yi. Na ga wani dattijo ya nace cewa ƙwaya ba ta yi masa, ta ba shi haƙuri cikin ladabi, ta ce, "Baba, allura ta mai tsananin ciwo ce, wanda ba ya iya haɗiye komai ko ya fita hayyacinsa, shi kuwa gadon asibiti ya kamace shi, ba bencinmu ba." Dattijon ya fita bai sayi komai ba, ita ma ba ta bi shi da kallo ba.

Amma wurin yana da nasa aibin, kuma mafi girmansa yana bayyana ne bayan sallar isha'i, lokacin da Hajiya ta tafi gida ta bar wani saurayi a kanta. Mako biyu bayan ƙaramin ɗana ya gama shan magani, jikinsa ya sake yin zafi, muka je da dare, zane biyu ya fito, saurayin ya miƙo sabon kati ba tare da ya tambaye mu ko yaron ya sha magani kwanan nan ba. Da ban tuna bayanin likitan asibiti ba, da na sake biya. Washegari muka je ɗakin gwaji aka duba jinin da madubin likita, babu ƙwayar cutar, kunnensa ne ke ciwo. Da kantin yana da ɗan littafi ko kati da ake rubuta wanda aka gwada da abin da aka ba shi, da wannan bai faru ba, kuma na gaya wa Hajiya haka, ta ce za ta duba, amma har zuwana na ƙarshe ban ga littafin ba.

Sauran ƙorafe-ƙorafen ƙanana ne. Benci ɗaya ne ga masu jira, a watan Satumba kuwa bayan magariba sai ka ga uwa a tsaye da goyo tana jiran minti ashirin ɗinta. Ba a rubuta farashi a bango ba, kuma ma'aikatan sukan fara miƙo mai tsada, sai ka tambaya sannan su ɗauko mai sauƙi, alhali sinadarin ɗaya ne kuma duka biyun suna ɗauke da lambar rajistar NAFDAC. Na sayi na naira 2,800 ya yi wa matata aiki daidai da na naira 7,000 da aka fara nuna mini. Idan kuma gwaji ya nuna babu maleriya, abin da ake ce maka bai wuce ka tafi asibiti ba, wanda gaskiya ne, sai dai mai ƙaramin ƙarfi da ya riga ya biya kuɗin gwaji da na mota yakan ji kamar an sallame shi hannu rabbana. Na san maƙwabta biyu da daga nan suka zarce wajen Likitan bakin layi, ya yi musu haɗin da suke so.

Hajiya tana zama daga ƙarfe tara na safe zuwa bayan magariba, ban da Lahadi, kuma tsakanin azahar da la'asar ne bencin ke zama babu kowa. A wannan lokacin nake kai yara yanzu, da kwalin maganin da suka sha na ƙarshe a aljihuna.