Firigo da kilim na ƙaramar karaban: abin da na gani bayan bazara biyu a ƙasar Maradi

Shekara biyu ke nan da na sayi wata ƙaramar karaban, wato ɗakin nan mai ƙafa biyu da ake ɗaurawa a bayan mota a ja, daga hannun wani dillali da ke kawo tsofaffin motocin Turai nan Maradi. Aikina shi ne duba ginin rijiyoyi a ƙauyukan da ke arewa da Dakoro har zuwa wajen Bermo, kuma sau da yawa nakan yi kwana huɗu ko biyar ban ga gida ba. Ba gadon ciki ne ya sa na fitar da kuɗina ba, domin tabarma ta ishe ni. Abin da ya ja ni shi ne ɗan firigon da ke jikin bango da kuma kilim ɗin da ke bisa rufi, wato na'urar sanyaya ɗaki, don na riga na ƙiyasta kaina ina shan ruwan sanyi a tsakiyar daji cikin watan Afrilu.

A lokacin hunturu na fara fita da ita, kuma firigon bai ba ni kunya ba. Irin wanda ke aiki ta hanya uku ne: da gaz, da wutar gida mai bolt 230, da kuma batir ɗin mota mai bolt 12. Ba shi da inji ko kaɗan, shi ya sa ba a jin motsinsa. Ɗan harshen wuta ne yake dafa amoniya da ruwa a cikin bututu, amoniyar ta tashi ta huce, sannan ta haɗu da iskar haidurojin ta janye zafin da ke cikin akwatin. Wasu ɗalibai biyu ƴan ƙasar Suwidin, Baltzar von Platen da Carl Munters, su ne suka ƙirƙiro dabarar a 1922, kuma har yau ina mamakin yadda wuta ke haifar da ƙanƙara. A Disamba da Janairu nama yakan kwana uku lafiya lau, ƙaramar tukunyar gaz mai kilo 6 kuma takan kai ni fiye da mako biyu.

Da bazara ta kama sai labari ya sauya. Ba zan manta da wata ranar Afrilu ba, muna kusa da Bermo, na buɗe firigon bayan azahar don in ba maginan rijiya ruwa, sai na tarar da robar nono ta kumbura kamar za ta fashe, naman da uwargida ta ɗaure mini kuma ya fara canza wari. Ma'aunin zafi da na rataya a inuwa yana nuna digiri 43, wanda na saka a cikin firigon kuma yana nuna 19. Wutar gaz tana ci, babu abin da ya lalace, amma ruwan randa ya fi nawa sanyi.

Da na dawo gari na kai shi wurin wani dattijo mai gyaran kayan sanyi, ina cewa gaz ɗin ciki ya tsiyaye. Ya sunsuna bayan firigon, ya duba ko akwai garin rawaya a jikin bututu, wanda shi ne alamar yoyo, bai ga komai ba. Sai ya haska tocila kan wata ƴar takarda da ke manne a ciki, ya ce: “Alhaji, firigonka lafiyarsa ƙalau, ƙasar ce ba tasa ba. Dubi wannan harafin.” Harafin N ne. Ya bayyana mini cewa kowane firigo yana da ajin yanayin da aka ƙera shi dominsa: mai SN da mai N iyakarsu digiri 32, mai ST yana kai 38, mai T kuma shi ne ke jure har 43. Ashe na sayi abin da aka yi wa yanayi irin na Faransa da Jamus, na kawo shi inda digiri 32 safiya ce mai daɗi. Da na san da wannan harafi tun a wurin ciniki, da maganar ta bambanta.

Ban da zafi, wannan irin firigon yana da tsirfa da yawa. Dole ne karaban ta tsaya daidai, ba karkata, domin ruwan da ke cikin bututun da nauyinsa yake gangarowa, kuma idan ya daɗe yana aiki a karkace bututun kan toshe har abada. A cikin rairayin arewa, inda ƙafa ɗaya kan nutse cikin dare, wannan ya zame mini aikin kullum, har na sayi ma'aunin ruwa irin na magina ina ɗora shi a ƙasan firigon. Ƙurar hunturu kuma tana shiga ɗan ramin da gaz ke fita, wutar ta koma ja-ja maimakon shuɗiya, sanyi ya ragu. Batir ɗin mota kuwa, a nan ne na sha wuya: wata Juma'a na tsaya masallaci a Dakoro na manta firigon yana kan bolt 12, alhali yana jan kusan amfiya 10 ba hutawa, da muka fito daga salla da cin abinci sai da samari suka tura mini mota.

Dattijon ya saka mini ƙananan fankoki biyu irin na kwamfuta a bayan tagar iska ta sama don su fitar da zafi, na kuma koyi juya gefen firigon ya bar ranar yamma. Hakan ya rage digiri huɗu ko biyar, wanda ya isa ruwan sha amma bai isa nama ba. A ƙarshe na haƙura na sayi akwatin sanyi na bolt 12 mai kwamfiresa, wato inji irin na firigon gida, na haɗa shi da allon sola mai wat 200 da batir na daban. Shi wannan ba ruwansa da karkata, gargadar hanya ba ta dame shi ba, kuma a tsakiyar Mayu ya riƙe mini digiri 5. Ƙararsa kaɗan ce, kuma ni a ganina shi ne abin da ya kamata a ce na fara da shi.

Maganar kilim ba ta da tsawo haka, ko da yake shi ya fi cin kuɗi. Ba ya aiki sai da wutar bolt 230, saboda haka a daji sai da gurup, wato injin ba da wuta. Ƙaramin da nake da shi ya kasa tayar da shi, domin a daidai lokacin tashi kwamfiresa yana fizgar wuta ninkin abin da yake ci idan ya daidaita, sai da na nemo babba mai kilowat 2, da nauyinsa da shan esansinsa. Da dare yana aiki sosai, cikin rabin awa ɗakin ya yi daɗi. Da rana tsaka kuwa, idan babu inuwar gawo ko ta aduwa, bangon karaban siriri ne, rufin kuma yana shan rana kai tsaye, sai ya yi ta gurnani na ɗan lokaci ya kashe kansa. Shi ma ajinsa T1 ne, wanda iyakarsa digiri 43, alhali irin da ake kai wa ƙasashen Larabawa T3 ne mai jure har 52. Cikin shekara biyu na canza masa kondansater, wato ƴar na'urar da ke taimaka wa injinsa tashi, sau ɗaya, ina wanke matatar iskarsa duk bayan tafiya, sannan a daminar bara jijjigar hanyar jar ƙasa ta sassauta kusoshin da suka riƙe shi, ruwan sama ya zubo mini daidai kan matashin kai.

Wani abokin aikina yana amfani da na'urar nan mai hura iska ta cikin jiƙaƙƙen ƙyalle, kuma a busasshen zafin Maris da Afrilu ta fi kilim ɗina amfani nesa ba kusa ba, tun da batir ma yana ɗaukarta. Sai dai tana shan ruwa, kuma da zarar iskar damina ta fara kaɗawa amfaninta ya ƙare.

Idan za a tambaye ni maki, firigon gaz zan ba shi huɗu cikin goma, kuma hunturu ne ya samo masa su. Kilim zan ba shi biyar, akwatin kwamfiresa kuma tara. Tsohon firigon yana nan a wurinsa ban cire shi ba, domin ƙofarsa tana rufuwa ruf, ƙura ba ta shiga, a ciki nake ajiye sukari da ganyen shayi da takardun aiki daga Maris har zuwa Nuwamba.