RO ko FO: wace ta fi dacewa da tace gurɓataccen ruwan masana'antu?

Ruwa mai dauɗa irin na majemun Challawa a Kano, ana iya tace shi ta siririyar fatar tacewa (membrane), ta hanyoyi biyu: RO (reverse osmosis) ko FO (forward osmosis). RO da ƙarfin famfo take tura ruwan. A ruwan teku matsin kan kai bar (ma'aunin matsi) 55 zuwa 80. Ga shan lantarki, ga maiƙo na toshe fatar da wuri.

FO dabara ce. A zuba ruwan gishiri mai kauri a ɗaya gefen fatar, shi zai janyo ruwan da kansa, toshewar ma ɗauraya kan fitar da ita. Sai dai an gudu ba a tsira ba, don dole a raba ruwan da gishirin. Masu haɗa ruwan gishirin da amoniya da iskar kabon sukan ɗumama shi zuwa kusan digiri 60 don su raba su. Masana'antar da tururinta ke tafiya a banza, FO zan ce ta ɗauka.