Shagon Baba mai sanda, kusa da Achimota

Shekara goma sha ɗaya ke nan ina tuƙa maigidana zuwa filin golf na Achimota da ke Accra kowace Asabar. Mu isa da sanyin safiya, in sauke masa jaka, in nemi inuwa in ajiye mota, in zauna jiran ya zagaye ramukansa 18. Awa huɗu ba nan kusa ba ce, kuma idon mai jira ba ya zama banza, shi ya sa na san wasan nan ciki da waje ko da yake ni ba na bugawa. Ranar da babu makaranta nakan ɗauko ɗana daga Mamobi ya raka ni. Yana shekara goma sha biyu ya fara tsintar ƙwallo, daga nan ya zama kadi, mai ɗaukar wa ɗan wasa jaka. Bana shekarunsa goma sha bakwai, kuma manyan da yake bi sun sha tare ni a wajen ajiye motoci su ce, "Malam, yaron nan naka yana da hannu." Hannu kam akwai, sanda ce babu. Kullum aro yake, yau doguwa gobe gajera. Da na ɗauki adashina a watan jiya sai na ce a wannan karon nasa ne.

Tsofaffin kadi ne suka kwatanta mini shagon. Kwantena ce mai koren fenti a wani lungu, ba allon suna, sai dai kowa a wajen ya san Baba mai sanda. Dattijo ne ɗan zango, ya haura sittin, ya yi ƙuruciyarsa yana ɗaukar jaka kafin gwiwa ta ce ya isa haka. Sandunan duk na hannu ne, an jera su a tsaye cikin tsofaffin durom-durom: na ƙarfe gefe guda, manyan masu kumburarren kai gefe guda, sai fota da ake tura ƙwallo rami da ita an rataye a bango. Daga ciki akwai teburin aiki da matsi da wuƙa mai lanƙwasa, wurin yana warin tinna. Bayan kwantenar ya kafa raga da guntun kafet, nan ake gwaji.

Ina shiga idona ya faɗa kan wani saitin sandunan ƙarfe, sirara, suna ƙyalli, an rubuta Ben Hogan a bayansu. Na zaro guda na riƙe.

"Malam, wa za ka saya wa, kai ko yaron?"

"Yaron ne, Baba."

"To mayar da ita inda ka ɗauko, mu ga bugunsa tukuna."

Wannan ne abin da ya fara sa na yarda da mutumin, domin saitin yana cikin masu tsada a shagon kuma ya ga ina so. Ya fitar da yaron bayan kwantena, ya shafa alli a fuskar sanda lamba bakwai, ya ce ya buga goma. Bayan kowane bugu sai ya karɓa ya duba inda ƙwallo ta goge allin. Ya canja masa sanda har sau huɗu, ya auna daga wuyan hannunsa zuwa ƙasa, ya sa shi ya buɗe tafinsa ya ga tsawon yatsu. Sai da muka yi kusan awa guda kafin a ambaci kuɗi. Sannan ya ɗauko ta Hogan ɗin ya nuna mini fuskarta daf da idona: layukan da ke kama ƙwallo sun fara shafewa, kuma a tsakiya akwai wani tabo baƙi-baƙi da bai fi faɗin kwabo ba. Ya ce mai sandar na farko nan yake bugawa kullum, shekara da shekaru. Sanda irin wannan ba ta yafe kuskure, in ka kauce wa tabon nan ko kaɗan sai ta girgiza maka hannu ƙwallo ta faɗi a rabin hanya. Yaro mai shirin shiga gasa yana bukatar wadda layukanta suke da rai, don ƙwallo ta tsaya in ta sauka a lallausar ciyawar bakin rami. Ya zaɓa masa saitin Mizuno.

Wajen babbar sanda kuwa ya yi abin da ban taɓa gani ba. Ya ciro maganaɗisu daga aljihu ya manna a fuskarta, ya faɗo ƙasa. Ya ɗauko wata daga ƙarƙashin tebur, suna iri ɗaya, fenti iri ɗaya, ya manna, ya kama cak. Ta gaske da taitaniyam ake yin kanta, maganaɗisu ba ya kama shi. Ta biyun jabu ce, shi ma cikin kaya aka cusa masa ita, ya ajiye ta don nuna wa mutane.

Muna cikin lissafi sai yaron, da zumuɗi irin na yara, ya ce shi burinsa ya buga a Amurka kamar Tiger Woods. Na zaci Baba zai yi dariya ko ya yi masa daɗin baki don ciniki ya faɗa. Sai ya jawo benci, ya aika a sayo mana shayi, ya sake ɗauko sandar nan mai ƙyalli ya ce, "Ɗana, ka san mai sunan nan?"

Abin da ya faɗa mana a zaman nan, da abin da muka ƙara bibiya ni da yaron da daddare, shi ne ya sa nake wannan rubutu. Ben Hogan kadi ne shi ma, yana shekara goma sha ɗaya ya fara ɗaukar jaka a Fort Worth ta jihar Texas. Ya ci manyan kofunan duniya tara. A 1949 motarsa ta yi karo da bas har aka fid da rai zai sake tafiya da ƙafarsa, a 1950 ya dawo ya ci US Open. Daga baya ya kafa kamfanin ƙera sanduna, kuma da sunan kamfanin nan ne hukumar PGA Tour mai shirya manyan gasannin golf a Amurka, a zamanin shugabanta Deane Beman, ta buɗe rukunin gasa na masu tasowa a 1990, aka kira shi Ben Hogan Tour. Gasa 30 aka shirya a shekarar farko, aka fara daga Bakersfield ta Kalifoniya. Dalilin kafa shi a fili yake: akwai ɗaruruwan matasa masu hannu da ba su sami gurbi a babban rukuni ba, suna yawo a ƙananan gasanni marasa tsari. Sai aka yi musu matakala. Ka buga shekara guda, a tara abin da ka ci, mutum biyar na sama a ba su kati su hau babban rukuni.

Biyar kacal, in ji Baba, yana ɗaga yatsunsa. A cikin waɗanda suka ci gasa a wannan shekarar ta farko akwai John Daly, a jihar Utah. Labarinsa ya shige ni sosai saboda akwai tuƙi a ciki. A 1991 yana na tara a layin masu jiran gurbi a gasar PGA Championship, mutane suka yi ta janyewa, na ƙarshe Nick Price ne da matarsa ke kan gwiwa. Daly ya kwana yana tuƙi zuwa jihar Indiyana, bai ko zagaya filin ya gani ba, ya ɗauki kadin Price ɗin, ya cinye kofin. Tom Lehman shi ne gwarzon rukunin a 1991, a 1996 ya ci gasar Open ta Birtaniya. Sunan rukunin ya yi ta sauyawa da sauyawar mai ɗaukar nauyi: Nike ta karɓa a 1993, Buy.com a 2000, kamfanin inshora na Nationwide ya riƙe daga 2003 har zuwa tsakiyar 2012 da Web.com ta shigo, tun 2019 kuma Korn Ferry ake kiransa. Katunan ma sun ƙaru a hankali, sun kai 25 a 2007, har 30 a 2023. Tun 1997 aka sa dokar cewa wanda ya ci gasa uku a kaka ɗaya ya haye nan take, ba sai ya jira ƙarshen shekara ba. Scottie Scheffler da ya zo ya zama na ɗaya a duniya, ta nan ya bi a 2019.

Baba bai tsaya kan masu nasara ba, kuma nan ne na ga darajarsa. Ya ce wa yaron a wasan nan babu albashi. Kai za ka biya kuɗin mota da masauki da kadinka, bayan kwana biyu a tankaɗe, kusan rabin 'yan wasa su koma gida ba ko kwabo. Mako mai zuwa kuma haka, a wani gari.

Daga nan ya juyo gida, muryarsa ta sauya. A da, in ji shi, matakalar har ƙofarmu take zuwa. In hunturu ya rufe filayen Ingila sai ƙwararrunsu su gangaro Afirka su bi gasannin da ake kira Safari: Najeriya, Kwaddibuwa, Kenya, Zambiya. A filin Ikoyi na Legas Sandy Lyle ya ci gasar Najeriya a 1978, shekara bakwai kafin ya ci Open. A nan Peter Tupling ya gama kwana huɗu da bugu 255 kacal a 1981, lissafin da aka daɗe ana maganarsa. Vijay Singh, mutumin tsibirin Fiji wanda ya yi zaman koyarwa a wani ƙaramin kulob a Borneo, ya ci ta Najeriya a 1988 da 1989, ya haɗa da ta Kwaddibuwa, a 2004 kuma ya sauke Tiger Woods daga kujerar na ɗaya. A farkon shekarun 1990 gasannin Safari suka shiga ƙarƙashin Challenge Tour, matakalar Turai. Ta Kenya ta riƙe wuta har aka ɗaga ta zuwa babban rukunin Turai a 2019. Namu na yamma suka fita daga jadawalin. Wannan ya tsaya mini a rai kwana da kwanaki, domin Legas tafiyar yini ce daga Accra a mota, na sha yin ta. A ce yau gasar tana kan wannan matsayi, ni da kaina zan kai yaron. Ƙwararrunmu irin su Emos Korblah da Vincent Torgah sun nuna akwai hannu a ƙasar nan, amma daga gasannin gida zuwa waɗancan manyan rukunai akwai rata mai faɗi, kuma kuɗin jirgi ne ke cike ta.

Shawarar da ya ba yaron gajera ce: ya gama sakandare, ya shiga gasannin matasa na nan, ya sa ido kan Asantehene Open da ake yi a Royal Golf Club na Kumasi, maganar ƙetare kuma a bar ta sai ya gagari na gida.

Yanzu ga inda shagon ya gaza, don mai zuwa ya shirya. Robar mariƙin sandunan duk ta sulɓe, muka yi da shi zai sauya cikin mako guda. Sai da aka haura mako uku. Na kira har na gaji, wayar a kashe ko ba a ɗauka, sau biyu ina biyan kuɗin motar haya ta trotro yaron ya je ya dawo hannu rabbana. Da aka gama, mariƙin lamba biyar ya karkace. Gaskiya da muka mayar bai yi musu ba, a gabanmu ya tsaga robar da wuƙarsa mai lanƙwasa, ya naɗa sabon tef, ya zuba tinna, ya zura wata ya daidaita ta da ido ɗaya a rufe, bai karɓi ko sisi ba. Amma jinkirin ya sa yaron ya rasa wata gasar matasa da ya ci buri a kanta, kuma wannan ya yi mini ciwo. Ba ya ba da rasit, sai da na matsa ya rubuta mini a bayan wata takarda. Ƙwallayensa ma a yi hattara: bokiti ɗaya ya haɗa masu kyau da waɗanda aka tsamo daga ruwa, farashi ɗaya, kuma wadda ta daɗe a ruwa ba ta tafiya yadda ya kamata. Cikin dozin da muka saya huɗu ba su da amfani. Mutumin da ke gwada sanda da alli da maganaɗisu bai kamata ya bar bokitin nan haka ba, na kuma faɗa masa a gaban idonsa. Bahago zai sha wuya, sandunan hagu ba su fi a ƙirga da yatsu ba, na mata ma kaɗan ne. Da tsakar rana kwantenar kamar tanda take, a je da safe. Ranar Juma'a yana rufewa kafin azahar, sai bayan la'asar.

Doka ta yarda ɗan wasa ya ɗauki sanda har 14 a jaka. Mu sanda sha ɗaya muka saya, Baba ya ce sun ishe shi yanzu, kar in ɓata kuɗi. Da jaka da sauyin mariƙi duka ya tashi sidi 3,200, ya yarda in biya kashi biyu ta MoMo, wato tura kuɗi ta waya. Sabon saiti a manyan shagunan gari ya ninka haka sau da yawa, na taka na tambaya kafin in zo nan. Duk wanda ɗansa ko ƙaninsa ke ɗaukar jaka a Achimota ko Sakumono ko Tema yana neman sandar kansa, ina ba shi shawara ya je, ya tafi da yaron, kar ya saya masa a bayan ido.

Ranar da muka je ɗaukar kaya, har mun fito sai ya kira yaron ya miƙa masa lamba bakwai ta saitin Hogan ɗin, da guntun alli. Ya ce aro ne, ba ta shiga gasa ba ce, ya riƙa buga hamsin da ita kowace safiya, ranar da allin ya daina gogewa ko'ina sai kan tabon tsakiya ya dawo da ita su yi magana. Jiya bayan sallar asuba na ɗauke ta a bayan ƙofa na duba. Har yanzu gogewar tana ɗan zamewa wajen bakin sandar, kamar faɗin yatsa guda. Asabar mai zuwa in na sauke maigida zan biya in kai wa Baba ragowar kuɗinsa, sidi 1,200.