King Kong na 1933 da na 2005: ina tsawon ya yi rana, ina ya yi nauyi?

Ɗan'uwa, ka ce ka ji masu kallo na ƙorafin cewa King Kong na Peter Jackson ya cika tsawo, kana tambaya ko gara ka nemi tsohon ka huta. Na kalli duka biyun ba sau ɗaya ba, kuma ƙorafin yana da tushe, sai dai ba kowane sashe na fim ɗin ya shafa ba.

Labarin ɗaya ne. Mai shirya fim Carl Denham ya ɗauki wata budurwa, Ann Darrow, a jirgin ruwa zuwa wani tsibiri, suka tarar da ƙaton goggon biri, aka kamo shi zuwa New York, ya ƙare a ƙololuwar benen Empire State jirage na yi masa ruwan harsashi. Na 1933, wanda Merian Cooper da Ernest Schoedsack suka yi, ya gama wannan a kusan minti 100. Jackson ya ci minti 187.

Inda jama'a suka fi ƙosawa shi ne farkon. A na 2005 sai an wuce awa guda cur kafin a ga fuskar Kong. Ana cikin jirgi ana gabatar da ma'aikata ɗaya bayan ɗaya, har da wani yaro Jimmy da ubangidansa Hayes, waɗanda aka ɓata lokaci a kansu kuma labarinsu bai kai ko'ina ba. Mu da muka saba da fim ɗin Indiya na awa uku, tsawo kaɗai ba ya korar mu, amma jira ba tare da an ba ka abin riƙewa ba yana gajiyarwa. Haka wurin da garken dainoso ke tsere a kwazazzabo mutane na gudu a tsakanin ƙafafunsu: ya yi yawa, kuma aikin kwamfutar ya fito fili. A nan ina tare da masu suka.

To amma dubi birin kansa. Kong na 1933 ɗan mutum-mutumi ne mai tsawon inci 18 da aka lulluɓe da gashin zomo. Willis O'Brien, gwanin motsa mutum-mutumi a fim, da mutanensa suna motsa shi kaɗan, a ɗauki hoto, a sake motsawa. In ka zura ido za ka ga gashin yana rawa, sawun yatsunsu ne. Dodo ne na tsoratarwa, Fay Wray kuwa, wadda ta fito a matsayin Ann, ihu take yi daga hannunsa har ƙarshe, ba ta taɓa sakin jiki da shi ba. A na Jackson, Andy Serkis ne ya yi motsin birin, bayan ya je Ruwanda ya zauna yana nazarin goggon biri a daji, kwamfuta ta ɗauki motsin jikinsa da na fuskarsa. Sai aka samu tsohon biri mai tabo, wanda danginsa duk sun ƙare. Akwai inda Naomi Watts, wadda ta fito a matsayin Ann, ke yi masa wasan faɗuwa don ta tsira da ranta, yana tunkuɗe ta da yatsa yana jin daɗi, ta daka masa tsawa, ya yi fushi ya farfasa duwatsu sannan ya juya baya kamar yaron da aka kunyata. Akwai kuma inda suka zauna shiru a bakin dutse suna kallon faɗuwar rana. Waɗannan wuraren ma suna cikin abin da ya ƙara tsawon, amma ba don su ba, faɗowarsa daga bene ba za ta taɓa zuciya ba. Ni dai idona ya cika a wurin, abin da tsohon bai sa ni ba.

Shi ya sa masu kallo suka rabu. Wanda ya zo neman dodo ya ga an tsaya soyayya da zamiya a kan ƙanƙara a lambun shaƙatawa na Central Park da ke New York. Wanda ya bi zuciyar birin ya yafe awa ta farko. An kashe dala miliyan 207, kuɗin makon farko a Amurka bai kai yadda aka zata ba, amma daga baya ya tara sama da miliyan 550 a duniya, ya kuma ci kyautar Oscar uku.

Shawarata ka fara da na 1933, domin shi Jackson ya gani a talabijin yana ɗan shekara 9 ya ƙudiri zama mai shirya fim, kuma za ka gane wuraren da yake gaishe shi. Sannan ka ware dare guda ga na 2005. Akwai wanda aka ƙara wa kusan minti 13 a faifan DVD, kada ka fara da wannan.