Koya wa ƙananan yara iyo a Accra: wurin wa za ka kai ɗanka?

Abin da za ka fara dubawa shi ne malamin, kyan wurin ya biyo baya. Yaro ɗan shekara 4 da ya iya juyawa ya yi rigingine a kan ruwa, ya ja numfashi, ya lallaɓa ya kama bakin wurin iyon ya fito da kansa, ya fi tsira a kan wanda aka koya wa salon gasa amma bai san yadda zai yi ba in ya faɗa ruwa ba shiri. Saboda haka ka tambayi malami me yake koyarwa a darasi shida na farko. In bai ambaci rigingine da fita daga ruwa ba, ka nemi wani.

Yawancin iyayen Nima, Maamobi da Madina kwamin iyo na otal suke fara nufa, inda ake ɗaukar malami na musamman. Yana da amfani ga yaro mai tsoron ruwa, domin hankalin malami na kansa shi kaɗai. Amma ya fi tsada, kuma sau da yawa kuɗin shiga daban ne da na malami, sai ka tantance kafin ka zaro sidi ko ɗaya. Ka lura da zurfi: ɓangare marar zurfi kada ya wuce ƙirjin yaron in ya tsaya. Ranar Lahadi da yamma kuwa wurin kan cika da manya masu tsalle-tsalle, ga kiɗa, yaro ba ya ma jin muryar malami.

Darasin rukuni a manyan wurare, irin na Jami'ar Ghana da ke Legon, ko na Bukom, ko na Borteyman da aka gina domin wasannin Afirka da aka yi a Maris 2024, ya fi sauƙin kuɗi, kuma yara na koyi da juna. A nan adadi ne abin tsoro. Ga 'yan ƙasa da shekara 5, kada su wuce huɗu a hannun malami guda, shi ma yana cikin ruwa tare da su, ga mai ceto na daban a waje da ba ya aikin komai sai sa ido. Minti 30 ya isa. Ka yi lissafin nisa da cunkoso, ka kuma nemi lokacin da bai ci karo da makarantar Asabar da Lahadi ba, don darasin da ake tsallakewa asarar kuɗi ne. Sau biyu a mako na wata uku ya fi na hutu guda da ake yi a guje.

Bakin teku, ko Labadi ne ko Kokrobite, ba wurin koyo ba ne. Akwai ruwa mai ja zuwa ciki da ke kayar da manya ma.

Ka je ka kalli darasi ɗaya tukuna. Tsaya a baki ka duba ƙasan wuri mafi zurfi: in ba ka ganin tayil ɗin sarai, ruwan bai samu kula ba, kuma yaron da ya nutse ba za a hange shi ba. Ka nemi ganin takardar gwajin kilorin (sinadarin tsabtace ruwa) ta ranar, da shaidar malami ta horon farfaɗo da numfashi. Malamin da ke danna kan yaro cikin ruwa wai don ya cire masa tsoro, ƙara masa tsoron yake yi. A watannin Yuli da Agusta ruwa kan yi sanyi. Da zarar leɓe ya canja launi ko jiki ya fara ɓari, a fito da yaro. Iyayen da ke son malama mace ga 'ya'yansu mata su tambaya tun farko, su sayi doguwar rigar iyo, domin wurare da dama ba sa yarda da kayan auduga.

Robar da ake hurawa a sa a damtse kayan wasa ce, tana sacewa, tana zamewa, kuma tana saba wa yaro tsayuwa a miƙe cikin ruwa. In za a hau kwalekwale, rigar ceto daidai da nauyinsa ake saya, mai maɗauri ta tsakanin ƙafafu.

Darasi ba ya rufe duron da ke tsakar gida. Ruwan da bai wuce tsawon yatsa ba yana iya halaka mai rarrafe, kuma nutsewa ba ta da ihu. A rufe duro da murfi mai nauyi, a kife bokiti da baho bayan wanki, a hana yara kusantar babbar kwatar Nima in ruwan Yuni ya sauko. Lambar gaggawa 112 ce, a ajiye ta a wayar duk mai raino a gidan.